Yadda Ɗalibin Ƙaramar Sakandare Zai Rubuta Manazarta a Aikin Bincike

Idan malam ya ba 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare aikin bincike, a ce kan Hasumiyar Gobarau ko Rijiyar Kusugu ta Daura, yawancinsu kan cika shafi huɗu ko biyar ba tare da sun yi gumi ba. Inda ake tuntuɓe shi ne shafin ƙarshe, wanda ake rubuta "Manazarta" a samansa. Wani sai ya rubuta Google ya ja layi. Wata ta rubuta "littafin tarihi da kakana". Wani kuma ya kwafo sunayen littattafai goma daga bayan wani littafi, alhali ko bangonsu bai taɓa gani ba. Duk ukun za su rasa maki, amma na ukun ya fi laifi, don su biyun rashin sani ne ya kai su, shi kuwa ƙarya ya shara.

Amfanin manazarta shi ne wanda ya karanta aikinka ya iya bin sawunka har inda ka samo magana, ya gani da idonsa. Yaron da ya zauna a Islamiyya ya riga ya san wannan. Ba a kawo hadisi a yi shiru, sai an faɗi sahabin da aka karɓo daga gare shi, a kuma faɗi wanda ya ruwaito, Bukhari ne ko Muslim. Abin da boko ya ƙara kawai shi ne ƙa'idar inda aya da waƙafi za su zauna. Ga yadda ake yi.

Fara da tambayar malam

Kafin ka rubuta komai, tambayi malam ko malama wane tsari suke so. Biyu ne suka fi yawo. Akwai APA, na wata ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wanda bugu na bakwai na littafin ƙa'idojinsa ya fito a ƙarshen 2019. Akwai kuma MLA, na ƙungiyar malaman harsuna da adabi, shi ma na Amurka, bugunsa na tara ya fito a 2021. Bambancin da ido zai fara gani shi ne APA na sa shekara kusa da sunan marubuci, MLA kuwa na kai ta can kusa da ƙarshe. Jami'o'i da kwalejojin ilimi na ƙasar nan da yawa APA suke bi, shi ya sa malamanku ma shi suka fi sabawa da shi, kuma shi zan bi a nan. In malam ya ce kowanne ma ya yi, ɗauki ɗaya ka riƙe shi daga farko har ƙarshe. Gauraya biyu a shafi ɗaya ta fi kuskuren waƙafi muni.

Rubuta madogara tun kana karatu, ba sai ka gama ba

Wannan matakin ne ke raba aiki mai kyau da na kame-kame, kuma shi ne yara suka fi tsallakewa. Ka ware shafi biyu na ƙarshen littafin rubutunka. Duk lokacin da ka buɗe wani littafi, ko jarida, ko shafin intanet, kuma ka ga za ka ɗauki wani abu a ciki, tsaya tukuna. Kafin ka kwafi ko kalma ɗaya, rubuta amsar tambayoyi biyar: wa ya rubuta, yaushe aka buga, mene ne sunansa, wa ya wallafa, kuma a shafi na nawa maganar take.

Dalilin gaggawar a fili yake. Littafin da ka karanta a ɗakin karatu na makaranta ranar Litinin, ranar Alhamis yana hannun wani. Wanda yayarka ta aro maka daga jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa mako ɗaya za a mayar. Wayar da ka yi bincike da ita ta Baba ce, ya tafi kasuwa da abarsa, data ma ta ƙare. Duk wanda ya bar wannan aiki sai daren da za a miƙa, ƙarshenta cikowa zai yi da ka, ya ƙago shekara, ya ƙago shafi.

Ka ba kowace madogara lamba a wannan shafi naka, 1, 2, 3. A cikin bayanan da kake kwafa kuma, sa lambar a gefe tare da shafin. In kalmomin marubucin ne ka kwafa daidai, sa musu alamar zancen wani nan take, domin bayan kwana goma ba za ka iya rarrabe naka da nasa ba.

Inda bayanan suke ɓuya a cikin littafi

Kada ka dogara da bango. Buɗe shafin farko na ciki mai ɗauke da cikakken suna, sannan ka juya bayansa. A nan ne za ka ga ƙananan rubutu: shekara kusa da alamar ©, sunan kamfanin da ya wallafa, da ko bugu na nawa ne. Wani lokaci za ka ga sunaye biyu, na kamfanin da ya wallafa da na maɗaba'ar da ta buga masa a injinta. Na farkon ake so.

Shekara na da ɗan rikici. *Magana Jari Ce* na Abubakar Imam ya fara fitowa a 1937, amma kwafin da ke hannunka, mai yiwuwa na kamfanin wallafa littattafai na NNPC da ke Zariya, an buga shi shekaru da yawa bayan nan. Shekarar bugun da ke hannunka za ka sa, don shafukansa ne ka ambata, sai a ƙarshen layin ka ƙara cewa asalin bugu 1937 ne. Littattafan addini da yawa kuma shekarar Hijira suke ɗauke da ita. In ka ga 1420, rubuta 1420 B.H., wato wajen 1999 zuwa 2000 ke nan. In ka bar lambar tsirara, mai karatu zai ɗauka shekara ɗari shida littafin ke da su.

In ka duba ko'ina babu shekara, kamar yadda ake samu a wasu ƙananan littattafan kasuwa, rubuta "babu shekara" a gurbinta. Wannan halal ne. Ƙago shekara ne haramun. In bangon ya yage har da shafin farko, je wurin mai kula da ɗakin karatu ya duba maka rajista, ko ka nemi wani kwafin a hannun abokin karatu.

Sunan marubuci

Ƙa'idar ita ce sunan ƙarshe ya zo gaba, waƙafi, sannan harufan farko na sauran sunayen, kowanne da ayarsa. Yusufu Bala Usman zai koma Usman, Y. B. Abubakar Imam zai koma Imam, A.

A nan yaranmu ke rikicewa, kuma ba laifinsu ba ne, domin an gina ƙa'idar ne a kan sunayen Turawa masu sunan dangi guda da ake gada. Mu kuwa sunan ƙarshe kan zama na uba, ko na kaka, ko na gari, ko na unguwa. Kada wannan ya dame ka. Duk abin da marubucin ya sa a ƙarshen sunansa a kan littafin, shi za ka kawo gaba, ko da sunan gari ne. Wanda ya rubuta sunansa da Funtuwa ko Malumfashi ko Daura a ƙarshe, da wannan sunan zai shiga jerin.

Laƙabi kuma duk a cire shi: Alhaji, Hajiya, Malam, Shehu, Dakta, Farfesa, har da sarauta. Na san yaron da aka yi wa tarbiyya yana jin nauyin rubuta sunan babban malami haka kawai, kamar wani sa'ansa. Ba rashin kunya ba ne. In an bar laƙabi, rabin jerin zai taru a ƙarƙashin harafin A saboda Alhaji, a rasa gane kowa. A cikin jikin aikinka kana iya girmama shi yadda ka so.

Littattafan makaranta sau da yawa mutum uku ko biyar ne suka haɗu suka rubuta. A manazarta ka jera su duka yadda suka zo a littafin, kada ka sake musu tsari. In ba mutum ba ne, hukuma ce ta fitar, to sunan hukumar ne zai zauna a gurbin marubuci. Misali ka rubuta cewa ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum kimanin miliyan 5.8, kuma daga takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ka gani, hukumar ce marubuciya. In babu mutum babu hukuma, sai sunan rubutun ya hau gaba.

Siffar kowace irin madogara

Littafi shi ne mafi sauƙi: suna, shekara a cikin baka biyu, sunan littafi, kamfani. Mai bincike kan tarihin Katsina da ya samu littafin marigayi Bala Usman zai rubuta shi haka:

Usman, Y. B. (1981). *The transformation of Katsina, 1400–1883*. Ahmadu Bello University Press.

Ka lura sunan littafin a karkace yake. In da hannu kake rubutu, ja masa layi a ƙasa, daidai ne. Ba a fassara sunan littafi, ko da da Hausa kake aikinka. Yadda yake a bango haka zai shiga. Tsohon tsarin APA kan sa garin da aka buga kafin kamfani, wato Zaria, ruwa biyu, sannan sunan kamfanin, kuma malamai da yawa da shi suka yi karatu. In malaminka ya ce a sa gari, sa masa, ba abin gardama ba ne. Ɗan Daura da ya ci karo da littafin masanin nan M. G. Smith, siffar ɗaya ce:

Smith, M. G. (1978). *The affairs of Daura*. University of California Press.

Jarida da mujalla suna buƙatar cikakken kwanan wata, don kullum ko mako-mako suke fita. Sunan jaridar ne ke karkata, ba kan labarin ba. Ga siffar, da sunan da ba na kowa ba:

Wane, A. (2024, Maris 5). Kan labarin kamar yadda aka buga shi. *Aminiya*, 7.

Lambar ƙarshe shafin jaridar ce.

Intanet ce ta fi cinye wa yara maki. Google ba madogara ba ne, hanya ce da ta kai ka wani shafi, kuma wannan shafin ne za ka ambata. Nemi sunan wanda ya rubuta, yawanci yana ƙarƙashin kan labarin ko can ƙasa. Nemi ranar da aka sa shi. Sai kan rubutun, sunan gidan, kamar BBC Hausa, sannan cikakken adireshin shafin, ba na ƙofar gidan kawai ba. Kwafo adireshin za ka yi ka manna, don harafi ɗaya in ya kuskure shi ke nan. In shafin irin mai canzawa ne kullum, ƙara ranar da ka duba. Ni a ganina Wikipedia wurin fara bincike ce, ka gangara ƙasanta ka ga inda ita ma ta samo, in ka iya kai wa can ya fi.

Saƙon da aka turo a WhatsApp mai cewa "an ce", babu marubuci babu rana, ba ya shiga manazarta, kuma bai kamata ya shiga aikin ba ma. Manhajojin da ake yi wa tambaya su ba da amsa, irin su ChatGPT, su ma a yi hattara: sukan ƙago sunan littafi da marubuci da shekara, tsaf kamar gaske, alhali babu littafin a duniya. Duk abin da suka ba ka, in ba ka gan shi da idonka ba, kada ya hau takardarka.

Shirin rediyo ko talabijin: sunan mai gabatarwa, rana, sunan shirin, sunan tashar, kamar Rediyon Jihar Katsina. Ayar Alƙur'ani kuwa a cikin jikin aiki ake faɗin sura da lambar aya, misali Suratul Hujurat, aya ta 6. In fassara ka yi amfani da ita, kamar ta Hausa ta Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, sai ka sa ta a manazarta kamar kowane littafi. Hadisi a faɗi littafin da lambarsa.

Hira da dattawa

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin a garuruwa irin Katsina da Daura rabin tarihi a bakin mutane yake. Yarinyar da aka ba aiki kan sana'ar rini ko saƙa ko yadda ake hawan Sallah, abin da kakarta ko wani dattijon unguwa zai gaya mata ya fi abin da za ta samu a waya nesa ba kusa ba. Ƙa'idar APA ta ce irin wannan hira a ambace ta a cikin jikin aiki kawai, kada ta shiga jerin ƙarshe, tunda mai karatu ba zai iya zuwa ya buɗe ta ba. Masana tarihi na ƙasar nan kuwa sun daɗe suna jera waɗanda suka yi hira da su a wani sashe na daban, kuma ni nasu na fi so wa ɗalibi. In malam bai hana ba, bayan ka gama jerin littattafai, rubuta ƙaramin kai "Hirarraki", ka sa su haka:

Malam Wane, mai shekara 74, marini. Hira a gidansa da ke Ƙofar Sauri, Katsina, 12 ga Fabrairu, 2025.

A nan an bar masa Malam ɗinsa, don da shi aka san shi. Shekaru da sana'a ba ado ba ne, su ke nuna wa mai karatu ko mutumin ganau ne ko jiyau. Kafin ka rubuta sunan kowa, nemi izininsa: "Baba, zan sa sunanka a aikin makaranta, ka yarda?" In ya ce a'a, rubuta "wani dattijo marini" ka bar sunan. Lambar waya ba ta shiga ko da ya yarda.

Alama a cikin jikin aiki

Jerin ƙarshe shi kaɗai bai isa ba. Dole a cikin rubutun, daidai inda ka ɗauko magana, ka sa 'yar alama da za ta kai mai karatu ga jerin: sunan ƙarshe, shekara, shafi. A ce maganar tana shafi na 12, sai ƙarshen jimlar ya zama haka: (Usman, 1981, sh. 12). Ko ka ce, Usman (1981) ya bayyana cewa kaza. In marubutan uku ne ko fiye, sa na farko ka ƙara "da wasu".

Yara da yawa sun ɗauka sai an kwafi kalmomin mutum daidai ake ambatonsa. A'a. Ko ka juya maganar da bakinka, ko ka fassara ta daga Turanci zuwa Hausa, tunanin nasa ne, in ba ka faɗa ba satar fasaha ce. Abin da ba ya buƙatar alama shi ne wanda kowa ya sani: an cire Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna a 1987, tana da ƙananan hukumomi 34. Amma duba wannan. Ana danganta Gobarau da zamanin Sarki Muhammadu Korau, sai dai wasu rubuce-rubuce sun sa mulkinsa a ƙarni na 14, wasu a na 15. Duk wanda ka rubuta, malam na iya cewa shi ba haka ya sani ba. In akwai alama a ƙarshen jimlar, ka fita, gardamar ta koma tsakanin malam da marubucin. In babu, kai za a ja wa jan biro.

Saura maganar da ka samu ta hannun wani. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Katsina a 1851 ya kuma rubuta abin da ya gani. Da wuya ɗan aji biyu ya karanta littafin Barth ɗin kansa. A littafin makaranta zai ga an kawo maganarsa. To sai ya rubuta: Barth, kamar yadda Wane (2015, sh. 40) ya kawo. A manazarta kuma littafin Wane ne kaɗai zai shiga, don shi ya riƙe a hannu.

Jerawa

Sabon shafi, a rubuta Manazarta a tsakiyar layin sama. Ba a sa lamba 1, 2, 3. Waɗancan lambobin na littafin rubutunka sun gama aikinsu. Da haruffa ake jerawa, bisa sunan ƙarshe: Imam, sannan Smith, sannan Usman. A aikin Hausa harafi mai lanƙwasa yana bin ɗan'uwansa, Ɓ bayan B, Ɗ bayan D, Ƙ bayan K, don haka Dokaji zai riga Ɗangambo. Mutum ɗaya mai littafi biyu, tsohon ne ke gaba. In shekararsu ɗaya, a raba su da ƙaramin harafi, 2015a da 2015b, a jikin aikin ma haka.

Layin farko na kowace madogara daga bakin gefe yake farawa, in ta zarce zuwa layi na biyu sai a tura shi ciki da rabin inci, don sunayen su fito fili. Da hannu, faɗin ɗan yatsa ya isa. A kwamfuta, cikin Word, haskaka jerin ka danna Ctrl da T tare. Karkata rubutu kuma Ctrl da I.

In shago za ka kai a buga maka, kada ka ajiye takarda ka tafi. Masu bugawa na sauri suke, sukan mayar da Ɗ ta koma D, su haɗiye waƙafi, su karya adireshin intanet gida biyu. Zauna kusa ka karanta a fuskar kwamfutar kafin a fitar, don gyara bayan an buga wani kuɗin ne.

Dubawa kafin miƙawa

Ɗauki fensir. Bi jikin aikin daga farko, duk alamar da ka gani, nemo ta a manazarta ka yi mata maki. Sannan ka juya: duk abin da ke manazarta, nemo inda ka ambace shi a ciki. Wanda bai samu abokinsa ba, ko dai ka manta ne ka gyara, ko kuma cikon ido ne ka goge shi. Madogara uku da ka karanta da gaske sun isa aikin ƙaramar sakandare, sai fa in malam ya faɗi adadi.

Daga nan miƙa wa wani ɗan ajinku shafin, ka nuna masa layi ɗaya ka ce ya nemo maka. In littafi ne ya je ɗakin karatu ya buɗe shafin da ka faɗa, in intanet ce ya shigar da adireshin a waya. In ya dawo ya ce bai gani ba, tambaye shi a ina ya tsaya: yawanci lambar shafi ce ta kuskure, ko an ɗauko shekarar wani bugu daban, ko adireshin ya yanke a tsakiya. Gyara wannan layin, sannan ka ba shi na gaba.